Amsoshin Tambayoyinku: Littattafai Uku a Ƙasan Akwati

TAMBAYA

 Ni malamar firamare ce, ina zaune a Tudun Wadan Zariya. Shekara huɗu ke nan ina rubuta labarai, har na cika manyan littattafan rubutu uku, amma ban taɓa nuna wa kowa ba, ko maigidana. Suna can ƙasan akwati, ƙarƙashin zannuwa. Duk shekara in na ji sanarwar gasar rubutu a rediyo sai gabana ya faɗi, in ce bana kam zan shiga. In ɗauko ɗaya in karanta, sai in ga kamar shirme ne, in mayar. Ina tsoron a ce bai yi ba. Ina tsoron dangin miji su karanta su ce da su nake. Ina kuma tsoron a ce wa ya aike ni, tunda ban yi karatun adabi ba. Malam, yaya zan yi in cire wannan tsoro daga zuciyata, in samu in fara?

Daga 'yarka, Tudun Wada, Zariya.

AMSA

 'Yata, Allah Ya yi miki albarka. Na karanta wasiƙarki sau biyu, kuma inda na tsaya shi ne inda kika ce "in samu in fara". Wadda ta cika littafi uku cikin shekara huɗu, ga aji da safe, ga girki da yamma, ai ta daɗe da farawa. Abin da ya rage shi ne rubutun ya bar akwati ya shiga hannun mutum na biyu. Tun daga nan kuma gara in gaya miki gaskiya: babu wani magani da ake sha tsoro ya fita kafin a miƙa rubutu. In jira kike sai zuciyarki ta kwanta tukuna, za ki cika littafi na huɗu da na biyar, su ma su bi 'yan'uwansu ƙarƙashin zannuwa. Abin da na ga yana fitar da rubutu daga ɗaki abu biyu ne, wa'adi da mai gyara. Ba sai na kai ki nesa ba kafin in nuna miki, don a garinku aka yi abin.

A shekarar 1933, Hukumar Fassara da ke Zariya, wadda ta koma Hukumar Talifi, tana hannun wani Bature, Dakta Rupert East. Makarantu sun fara yaye masu karanta Hausar boko, amma babu littafin hira da za a ba su. Sai ya sa gasa, ya bi manyan garuruwan Arewa yana zama da malamai, yana lallashin su su ƙago labari su rubuta. Shi da kansa ya bayyana daga baya cewa wahalar farko ita ce shawo kansu su yarda abin ya cancanci a yi. A wurinsu littafi abu ne mai alfarma, na addini da ilmi. Labarin da bai faru ba kuwa tatsuniya ce, ta tsofaffi da yara in dare ya yi. Malami mai mutunci ya zauna ya tsara abin da bai auku ba, har ya sa sunansa a kai? Kin ga ke nan wannan "wa ya aike ni" da ke damun ki ya riga ki zama a Zariya da shekara 90 da ɗoriya.

Waɗanda suka amsa kiran ba su da wani na gaba a Hausa da za su kwaikwaya. Abubakar Imam yana ɗan shekara 22, yana koyarwa a Makarantar Midil ta Katsina. Abubakar Tafawa Ɓalewa, tsaransa, shi ma malamin makaranta ne a Bauci. Akwai kuma Malam Bello Kagara, yayan Imam, wanda ya girme shi nesa ba kusa ba. Ki dubi wannan da idon Bahaushiya: ƙane ya shiga gasa ɗaya da babban wansa, a al'adar da ƙane ko murya ba ya ɗagawa a gaban wa. Littattafai biyar suka fito daga wannan gasa: Ruwan Bagaja na Imam, Ganɗoki na Bello Kagara, Shaihu Umar na Tafawa Ɓalewa, Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da Jiki Magayi wanda John Tafida na Wusasa ya rubuta tare da East.

Ban yarda cewa waɗannan bayin Allah sun fi ki ƙarfin zuciya ba. An sa musu rana, an kuma ce musu ga wanda zai karanta ya gyara. Gyaran ma ba na shafa-shafa ba ne, tunda ga Jiki Magayi nan ɗauke da sunan mutum biyu. Imam kansa bai ɓoye cewa Maƙamatul Hariri ce ta ba shi hasken Ruwan Bagaja ba, wato shi ma da abin da ya karanta ya fara gini. A 1936 aka ɗauko shi daga Katsina zuwa Zariya, aka jibge masa littattafan labarai na Larabawa da na Turawa, ya yi wata shida yana rubutu, East yana dubawa. Abin da ya fito shi ne Magana Jari Ce, littafi uku. A Janairun 1939 kuma ya zama editan Gaskiya Ta Fi Kwabo. Shaihu Umar kuwa har fim Adamu Halilu ya mayar da shi a 1976. Gidan Gaskiya, inda aka yi ta buga waɗannan littattafai shekara da shekaru, ba shi da nisa da ƙofar gidanku. Ina so duk ranar da kika bi ta wajen ki tuna cewa kowane littafi da ya fito daga can ya shiga ne da rubutun hannu, da kurakuransa.

Waɗanda suka aika nasu ba a ɗauka ba fa? Babu wanda ya riƙe sunansu don ya yi musu dariya. Faɗuwa a gasar rubutu ba a yi mata shela. Haka abin yake har yau. Gasar Hikayata da Sashen Hausa na BBC ya fara a 2016 domin mata tana karɓar ɗaruruwan labarai, kuma waɗanda aka zaɓa kaɗai ake ambata. In kin aika bai shiga ba, daga ke sai alƙalan da ba su san fuskarki ba.

To, bari mu zo kan maganar shirme, don a nan na fi so mu daɗe. Kin ce in kin ɗauko kin karanta sai ki ga bai yi ba. Da me kike auna shi? Da littattafan da kika tashi kina karantawa, waɗanda edita ya bi layi-layi, aka sake su, aka tace, kafin su iso hannunki. Kina ɗora ɗanyen rubutu a sikeli ɗaya da wanda ya nuna, dole ya yi miki rauni. Wannan ƙyamar da kike ji ma alama ce mai kyau, don tana nuna kunnenki ya riga hannunki ƙwarewa, kina jin inda magana ta yi gargada ko da ba ki san yadda za ki miƙe ta ba tukuna. Marubucin da na fi jin tsoro a kansa shi ne wanda duk abin da ya rubuta yake burge shi. Sai dai kunne shi kaɗai ba ya koya wa hannu. Shekara huɗu ke ce marubuciya, ke ce alƙaliya, kuma alƙaliyar tana yanke hukunci ba tare da ta faɗi inda laifin yake ba. "Shirme ne" ba gyara ba ne. Gyara shi ne a ce miki shafi na uku ya yi tsawo, ko kuwa wannan tsohuwa ba haka za ta yi wa surukarta magana ba.

Ke malama ce, kin fi ni sanin wannan. Kullum kina zama da tulin littattafan yara da jan biro. Yaron da ya kawo aikinsa cike da kuskure, kin taɓa raina shi? Wanda yake tayar miki da hankali ai shi ne mai ɓoye littafinsa a jaka, ya ce ya manto a gida, don shi ne ba ki da hanyar taimaka masa. Kuma mu da muka tashi da allo bai kamata gyara ya zame mana abin kunya ba. Almajiri yakan rubuta, ya kai gaban malam, a nuna masa inda ya kauce, ya wanke, ya sake. An yi allo ne don a wanke shi. Littattafan nan naki uku alluna ne da ba a kai gaban malam ba.

Ni ma na ɗanɗana. Rubutun farko da na kai wa wani edita ya dawo mini ja-wur da biro, har gefen takarda. Kwana uku ban iya sake buɗe shi ba, raina a ɓace. Da na daure na zauna da shi, sai na tarar mafi yawan abin da ya ja wa layi yana da gaskiya, kuma abubuwa ne da na daɗe ina jin suna damuna ban san sunansu ba. Wuri ɗaya ne na ga ni ke da gaskiya, na bar shi yadda yake. Ranar na fara sanin abin da nake yi. Zafin gaskiya ne, ba zan ce miki babu shi ba, amma na kwanaki ne.

Saboda haka ki nemi mai karatu ɗaya. Kada ki ba mahaifiyarki ko aminiyarki ta ƙut-da-ƙut, don ƙauna za ta sa su ce wallahi ya yi kyau, ki tashi ba ki ƙaru da komai ba. Kada kuma ki ba wadda kika san tana jin haushin duk abin da kika taɓa. Ki nemi wadda ta karanta littattafan Hausa da yawa kuma ba ta jin nauyin faɗa miki gaskiya, wataƙila cikin malaman da kuke aiki tare, ko wata malamar Hausa ta sakandare. Labari ɗaya za ki ba ta, mafi gajarta, ba littafi uku ba. Kada ki tambaye ta ko ya yi kyau. Ki ce ta nuna miki inda ta fara gajiya, da inda ta ruɗe ta koma baya, da mutumin da ya tsaya mata a rai bayan ta gama. Kafin ki miƙa, ki karanta shi da ƙarfi ke kaɗai a ɗaki. Duk inda harshenki ya sarƙe, jimlar ce ke da matsala. In tafiya ta yi tafiya, Jami'ar Ahmadu Bello tana nan Samaru da malaman da aikinsu ke nan nazarin adabin Hausa, ga kuma Ƙungiyar Marubuta ta Nijeriya, ANA, wadda aka kafa tun 1981, tana da rassa a jihohi inda ake zama a karanta rubutu a yi sharhi.

Maganar dangin miji kuwa ba zan ce miki ruɗu ba ne. Hausawa sun ce tsoro na daji, kunya na gida, kuma abin da ke damun ki a nan kunya ce, mai tushe. Shawarata ta farko, maigidanki ya ji daga bakinki kafin ya ji a waje. Ba dole sai ya karanta ba, amma ya san matarsa tana rubutu, kuma tana da niyyar fitarwa. Abin da aka ɓoye shekara huɗu, in ya fito ta bakin wani, ko mai tsabta ne sai ya yi kama da laifi. Ta biyu ta shafi aikin kansa. In har wani a Tudun Wada zai karanta labarinki ya nuna gida da yatsa ya ce gidan su wane ne, to bai gama zama labari ba, da sauran gulma a jikinsa, kuma akwai haƙƙi. Sirrin da kika sani saboda zaman aure amana ne. Marubuci yakan ɗauki halin wannan, ya haɗa da muryar wancan, ya sa su a jikin mutum na uku da bai taɓa rayuwa ba, ya kai shi wani gari. In kin yi haka kin kare mutuncin mutane, kuma za ki ga labarin ya fi ƙarfi, don kin daina bin abin da ya faru kin koma bin abin da labarin yake bukata. In duk da haka wata ta ga kanta a ciki, wannan halinta ta gani, ba sunanta ba. Sannan babu laifi ki fara da alkunya. Mata da yawa suna rubutu da sunan Maman wane ko Ummu wance, har sai ƙafarsu ta tsaya.

Ba ke ce farkon macen da ta tsaya a wannan gaɓa ba. A 1980 kamfanin buga littattafai na NNPC da ke Zariya ya buga So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwaheed bayan wata gasa da ya sa, labarin 'yar Fulani da ta so wanda ba ɗan ƙabilarsu ba. Shi ake lissafawa a matsayin ƙagaggen littafin Hausa na farko da mace ta wallafa. Ita ba ta da wata mace a gaba da za ta nuna ta ce ga wadda ta yi aka zauna lafiya. Ke kina da su da yawa.

Batun karatun adabi ba zan ɓata miki lokaci a kansa ba. Balaraba Ramat Yakubu an cire ta daga makaranta aka yi mata aure tana 'yar shekara 13, daga baya ta koma karatun manya. Ta fitar da Budurwar Zuciya a 1987, da Alhaki Kuykuyo Ne a 1990, wanda aka fassara zuwa Turanci aka buga a Indiya a 2012. Ado Ahmad Gidan Dabino, mai In Da So Da Ƙauna, shi ma ta makarantar manya ya bi. Ke da kike da takardar koyarwa, wannan uzurin ya faɗi.

Amma tunda na ambaci waɗannan marubutan Kano biyu, akwai darasi a tarihinsu da bai kamata in tsallake ba. Daga tsakiyar shekarun 1980 matasa suka daina jiran kamfani, suka riƙa buga littattafansu da kuɗinsu suna kai wa kasuwa. Sun sha suka. An laƙaba wa aikinsu Adabin Kasuwar Kano, an yi ta muhawara a jaridu, har a 2007 aka ƙona wasu littattafan hikaya a bainar jama'a a Kano. A ganina wani sukan zalunci ne, don waɗannan littattafai sun sa dubban mata karatu, sun kuma taɓo auren dole da zaman kishi da wasu ke so a yi shiru a kansu. Wani sukan kuma yana da gaskiya, don da yawa an buga su ne da gaggawa, babu wanda ya duba, ga kuskuren rubutu, ga labari ya saki hanya a tsakiya. Kasuwa ta ba su wa'adi, amma ba ta ba su mai gyara ba. Mutanen 1933 sun sami duka biyun. Ke a yanzu ba ki da ko ɗaya, kuma duka biyun kina iya samar wa kanki ba tare da kin kashe ko kwabo ba.

Kwabon nan ma ina so ki riƙe shi. Kada zumuɗi ya sa ki sayar da 'yan kunnenki ko ki kwashi adashi ki kai maɗaba'a. Kasuwar littafin takarda ta ja baya tun da karatu ya koma waya, kuma wanda ya buga da kuɗinsa bai sayar ba, shi ne ya yi faɗuwar da ke da ciwo. Faɗuwar gajeren labari kuwa kuɗinta biro da takarda. Ki fara daga inda asara ba za ta karya ki ba. Haka nan kada ki yi saurin zuba dukan aikinki a WhatsApp ko Facebook, don marubuta da yawa suna kukan an kwafe labarinsu an cire sunansu. Abin da za ki fara yi da waya shi ne ki buga labaran a ciki, ki aika wa kanki ta imel, ki sami kwafi mai kwanan wata. Wannan na gaggawa ne. Takarda a ƙasan akwati tana da abokan gaba, gara da danshin damina, kuma ba sa jiran mutum ya gama shawara.

Saura wa'adi. Ki sa rana, ranar da za a iya nunawa a kalanda, ba "in an kwana biyu" ba. Ke da kike aikin makaranta kina da ranaku shiryayyu: ki ce kafin a koma daga hutun wannan zango, labari ɗaya ya shiga hannun mai karatu. Ki faɗa wa ita mai karatun ranar tun yanzu, don alkawarin da mutum ya yi wa kansa shi kaɗai yana da sauƙin warwarewa, wanda ya yi wa wani kuwa kunya za ta sa ya cika. Kin ga kunyar da ta tsare ki shekara huɗu ta koma yi miki aiki. In sanarwar gasa ta fito, ki karanta ƙa'idojin da kyau, musamman yawan kalmomi da ranar rufewa, ki aika da sauran kwanaki, don ba a fafe gora ranar tafiya. Ki yi addu'a, ki yi istihara in zuciyarki ta so, ki gyara niyya a kan abin da kike so rubutunki ya amfanar. Bayan nan ki aika ko hannunki yana rawa. Zai yiwu na farko bai shiga ba, wannan shi ya fi yawa, kuma in hakan ta faru ranki zai sosu. Ki ba shi kwanakinsa, sannan ki ɗauko na biyu, wanda a lokacin kin riga kin san abin da za ki gyara a cikinsa.

Yau da dare, in yara sun kwanta, ki ɗaga zannuwan nan ki fito da littattafan. Kada ki karanta su duka, don alƙaliyar nan za ta farka. Ki ƙirga shafuka kawai, ki zaɓi labarin da ya fi gajarta, ki fara buga shi a waya. In mai karatunki ta dawo miki da shi, ki rubuto mini ki gaya mini a wane shafi ta ce ta fara gajiya, daga nan za mu ɗora. Ki gaishe da maigidan.